Ranar da Na Wanke Rigar Baba

Shekara goma sha ɗaya Baba yana sharar titi da rigar ruwa guda ɗaya. Yadda yake lallaɓa ta, sai ka rantse jaririya ce. In ya dawo sai ya goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ya rataye ta a inuwa, ya bi ɗinkin kafaɗun da guntun kyandir. Mu kuwa tsokana muke yi, muna cewa a matsa, babbar yayarmu za ta huta. Yakan yi ta bayanin abin da take so da wanda ba ta so, ni dai ban taɓa tsayawa na saurara ba.

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi sati uku a asibiti. Likita ya ce kada ruwa ya sake dukansa. Shugaban masu shara kuma ya aiko cewa in bai fito ran Litinin ba, za a ba wani tsintsiyarsa. Ga damina ta kankama.

Ni sarauniyar iyayi, da na ga rigar a bayan ƙofa duk ta dafe, sai na ce ubana ba zai koma aiki da dauɗa ba. Na jiƙa ta a ruwan zafi da garin sabulu, na dirje ta da buroshi, na shanya a tsakiyar rana. Har guga na yi mata. Ta fito fes, ni ma ina ta jin kaina.

Litinin da safe ana yayyafi, na miƙa masa. Ya murza haɓar rigar da yatsu biyu, wani farin ɓawo ya zubo daga ciki kamar dusa.

"Wa ya wanke ta?"

"Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. "Ta yi kyau, uwata. Allah ya yi miki albarka."

A nan na gane na lalata ta. "Baba, ka bari a ɗauke ruwan mana."

"Su can ba za su jira ba."

Ya saka ta, ya ɗaura maɓallai har wuya, ya fita. Da, ruwa gangarewa yake yi a kanta ya wuce. Yau kafin ya kai kwanar layinmu kafaɗunsa sun yi baƙi, rigar ta manne masa a baya. Ya tsaya, ya dafa bango yana tari. Na ƙwala masa kira, ya ɗaga mini hannu bai waiwayo ba, ya ci gaba da tafiya.