Bawul a Bakin Madafa

"Ga ta nan, ga ta nan ku, ta yau mai ƙaurin hayaƙi ce."

"Ta zo mu ji ta, ko da toshe hanci ne."

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Direba. Yana da tsohuwar motar ɗaukar kaya mai shan dizal, sun fi shekara goma sha biyar tare. Gidansa ɗaki biyu ne da madafa da rumfar kwano, kuma rumfar da motar ke kwana tana manne da tagar ɗakin matarsa. 'Ya'ya na ce mata Inna, shi kuwa Innar yara yake ce mata, ko da yake yaran duk sun yi nasu gidajen.

Inna na fama da ciwon ƙirji. Numfashinta gajere ne, kamar ana auna mata shi da cokali. Kowace Talata Baba kan kai ta asibitin da ke kan tudu. To, sai motar ta fara gazawa. A tsakiyar hawan sai ta yi ta nishi, ta kunna wata 'yar fitila ruwan ɗorawa, ta ƙi ja. Wata Talata ma ta tsaya cak. Inna ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, taku goma ta dafa katangar mutane ta huta. Baba na biye da ita riƙe da jakarta.

Autarsu bakanikiya ce, a wani babban gareji take aiki a gari mai nisa, inda ake duba mota da kwamfuta. Baba bai kira ta ba. Ya ce shi ya koya mata riƙe sifana, ba zai zama shi ne mai kai mata kuka ba. Sai ya tafi wurin wani bakanike na bakin titi da ake wa laƙabi da Sha-yanzu.

Sha-yanzu ya ɗaga bonet, ya ƙwanƙwasa wani dunƙulen ƙarfe a gefen inji.

"Baba, ga ɓarawonka. Wannan bawul ɗin shi ke mayar da hayaƙi cikin inji. Mota ta fitar, shi kuma ya ce dawo ki sha. Ina ka taɓa ganin mai lafiya yana lashe amansa?"

"To, yaya za a yi?"

"A cire shi, a toshe ramin da farantin ƙarfe. In shiga ƙwaƙwalwar motar in canja mata karatu, ta manta ta taɓa samun shi. In ƙara mata ƙarfi ma. Kafin ka gama shan ruwan nan an gama."

Haka aka yi. Baba ba ya yar da ƙarfe ko na ƙusa ne, saboda haka ya naɗe bawul ɗin a tsumma ya kawo gida. Inna ta ɗaga ta ji nauyinsa, ta ce dama ƙofar madafa na damunta da rufe kanta, ta tokare ta da shi.

Talata ta zagayo, motar ta haye tudu kamar an tsikare ta. Baba har da 'yar waƙarsa yana buga sitiyari.

Yana da ɗabi'a irin ta direbobin da. Kowace safiya sai ya tayar da mota ya bar ta minti goma a rumfa tana ɗumama, shi kuma yana zagaye ta yana duba tayoyi. Ƙarar inji na cika masa kunne, ba ya jin komai. Da yana ji, da ya ji tari a bayan taga, mai tsawo, wanda ake dannewa da matashin kai. Likita ya ƙara wa Inna magani. Baba ya ce sanyi ne, ya sayo mata bargo.

Bayan wata biyu Auta ta zo ganin gida. Ta nufi madafa da saurinta, sai ta yi tuntuɓe.

"Wash! Inna, wa ya ajiye dutse a hanya?" Ta sunkuya, ta juya abin. "Baba, me bawul ɗin motarka ke yi a bakin madafa?"

"Aiki ya samu," in ji Baba yana dariya. "Ya fi amfani a nan."

Ya ba ta labarin Sha-yanzu da amai da tudu, yana jiran yabo. Auta ba ta yaba ba. Ta dubi rumfa, ta dubi taga, ta zauna kusa da shi a kan benci.

"Baba, ba mugunta ce ta sa aka yi wa mota abin nan ba. Ɗan hayaƙin da yake mayarwa shi ke sassauta wutar inji. In babu shi, wutar kan yi zafi fiye da kima, sai ta haifar da wata iska mai cin ƙirji."

"Ke 'yar nan! Ni da idona na ga hayaƙin ya ragu."

"Wanda ido ke gani ya ragu. Wanda huhu ke ji ya ƙaru. Ina bakin salansarka ke kallo da safe?"

Baba ya juya. Bai taɓa lura ba, shekara da shekaru. Bakin salansar na kallon tagar Inna, tsakaninsu bai kai taku uku ba.

Ya tashi a hankali ya tsaya a bakin ɗaki.

"Innar yara, tarin nan yaushe ya ƙaru?"

Inna na ninke kaya. Ba ta ɗago ba. "Kai ma da tambaya. Tari ai ba ya da kalanda."

"Don Allah."

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Tun da motar ta samu lafiya. Wani wari take yi da safe mai yaji, sai in ji kamar an ɗaure min ƙirji."

"Kika yi shiru?"

"Malam, waƙa fa ka yi a kan tudu. Rabon da in ji muryarka a waƙa tun Auta na rarrafe. Sai in ce maka me?"

Baba ya bar bakin ɗakin. Ya koma ya ɗauko bawul ɗin ya miƙa wa 'yarsa da hannu biyu.

"Injiniya, ya mutu ne?"

Auta ta leƙa cikinsa. "Da ransa. Baƙin hayaƙi ne ya cushe shi har ya kasa rufuwa, shi ya sa motar ke gazawa. Wanki yake so tun farko. Kawo in wanke."

"A'a. Ni na cire, ni zan wanke."

Ya kai kujera can ƙarshen tsakar gida, ya ɗauko sukuddireba ya hau kankara kamar mai rama duka. Inna ta leƙo ta taga.

"Malam, za ka ji masa ciwo! Ba a cire baƙin tukunya da fushi. Jiƙa shi ka ba shi lokaci."

"Ke me kika sani a inji?"

"Shekara arba'in ina wanke gindin tukunya, kai ko cokali ka taɓa ɗaurayewa?"

Auta ta ƙyalƙyale da dariya. "Baba, ta fi mu gaskiya. Haka muke yi a gareji."

Aka jiƙa shi a kananzir. Baba ya sadaukar da burushin haƙoransa. Wuni guda yana gogewa, Inna na ba da umarni daga nesa: ka shiga lungun, ka juya shi, bai fita ba, sake. Baƙi ya hau masa har gwiwar hannu, ya ɗiga a gemu. Auta kuwa ta cire farantin Sha-yanzu, ta mayar da bawul ɗin mazauninsa, ta jona kwamfutarta. Allah ya taimaka, tun wani zuwa da ta yi ta kwafe karatun motar na asali ta ajiye, sai ta mayar mata da abinta.

Ranar Talata su uku suka shiga gaba, Inna a tsakiya. A gindin tudu Baba ya sa giya ta biyu, ya riƙe sitiyari gam. Motar ta kama hawa a hankali, ba gudu, ba nishi. Suka wuce inda ta taɓa tsayawa. Inna ta ɗora hannu a kan gwiwarsa ta bar shi nan har ƙofar asibiti.

Tarin Inna bai rabu da ita ba, ciwon tsufa ne, amma safiyarta ta yi sauƙi, likita ya rage mata ƙwaya ɗaya. Motar ta koma kwana a gindin bishiya a waje, rumfar ta zama wurin shanya. Auta ta koma bakin aikinta, Baba kan kira ta ko kan ƙaramar ƙara ce. Sha-yanzu na nan a bakin titi, suna gaisawa. Baba ya sayi sabon burushi, kuma tun daga ranar shi ke wanke tukwanen gidan.