Katin Asabar ta Ƙarshe

"Na huɗu ya wuce! Doki na huɗu!" in ji lasifikar da ke rataye a saman allo, sai shagon Dugan ya kaure da ihu. Wasu na dukan kantar shagon, wasu na yayyaga tikiti suna watsarwa a kan garin katakon da muke barbaɗawa a ƙasa. Hayaƙin taba ya hana ka ganin wanda ke gabanka, amma muryar kowa ka san ta.

Shekara goma sha tara na yi a bayan wannan kantar a Las Vegas, ina karɓar caca a kan dawaki da ƙwallo, kuma ba zan ɓoye ba, ina kewar wurin. Gidajen caca na yanzu duk gilashi ne da na'ura, ba mai sanin sunanka. Mu kuwa har sunan karen mutum mun sani. Maigidanmu Mista Dugan kuma hannunsa a sake yake: burodi da nama kyauta, giya kyauta, hula mai sunan shago kyauta. Na daɗe ina ɗauka kirki ne.

A shekarar 1977 ya girke jar mota sabuwa fil a ƙofar shago. Gasa ce, ko sisi ba a biya. Kowace Asabar ka cike kati da ƙungiyoyin ƙwallon da kake jin za su ci, wanda ya fi dacewa a ƙarshen kakar wasa ya ɗauki mota. Sharaɗi ɗaya ne: kai da kanka za ka kawo katin. Ba aike.

Maƙwabcina Delbert, mai gyaran firji, shi ne na biyu har makon ƙarshe. Asabar ɗin nan kuwa ita ce ranar auren 'yarsa tilo, Lorraine, a garin dangin ango, tafiyar awa biyu. Shi zai riƙe hannunta ya kai ta gaban fasto da ƙarfe ɗaya.

Matarsa Maxine ta tare ni a bakin shinge ran Juma'a.

"Sal, kai ne a bayan kanta gobe, ko?"

"Ni ne."

"Yana miƙa katin nan ka kore shi. Ko da tsintsiya ne. Ya fasa zuwa bikin gama makarantarta, na ce mata aiki ne. Wannan karon ba ni da sauran ƙarya, kuma na gaya masa in bai zo ba kada ya neme mu."

Na ce ta kwantar da hankalinta.

*

Ƙarfe tara Delbert ya shigo cikin baƙar kwat ta haya, da fure a ƙirji. Shago ya ɗauki shewa.

"Kai, Del! Wa ya mutu?"

"Bakinka ya sari dutse! Yau nake aurar da 'ya, Litinin in zo ɗaukar motata." Ya miƙo mini katin yana dariya.

"To kama hanya, uban amarya," na ce.

Sai dai akwai al'adar gidan. Duk wanda ya kawo kati ana ba shi tikitin dala biyu kyauta a tseren farko, kuma Mista Dugan na tsaye a bayana. Hannuna ya saba. Kafin in yi tunani na riga na tura masa.

"Ƙarfe goma dawakin za su tashi," in ji Delbert yana duba agogo. "Minti biyu ne tseren. Kyauta ce fa, Sal, a bar ta?"

Da dokin ya faɗi, da ya tafi. Dokin banza ne, ba wanda ya kula shi, amma ranar ya ci.

"Yau ranarka ce!" in ji Mista Dugan, ya dafa kafaɗarsa, ya sa aka kawo masa giya mai sanyi.

Ƙarfe sha ɗaya na ce, "Del, lokaci."

"Tsere ɗaya kawai. Motata na gudu."

Sha biyu saura na sake magana, a hankali, don ina tsoron aikina. Wannan tsoron har yau ina jin kunyarsa. Ƙarfe ɗaya da kwata wayar shago ta yi ƙara, na ɗauka. Lorraine ce, ina jin kiɗan coci a bayanta.

"Kawu Sal, ya taso?"

Na dube shi. Ya cire kwat ya rataye a kujera, yana tsalle yana kiran lambar doki.

"Yana nan," na ce.

"To. Kada ka kira shi."

Ƙanen Maxine ne ya riƙe hannunta. Maxine kuma ba ta dawo ba, sai mota ta aiko aka kwashe kayanta.

*

Motar kuwa, wani direban tasi ne ya ci ta. Delbert ya zo na uku, Mista Dugan ya miƙa masa ambulan ana tafi: cin abincin mutum biyu a babban otal ɗin da ke tsallaken titi.

Ran Laraba da rana na hango shi ta gilashin otal ɗin ina wucewa. Ya yi aski, ya zauna a teburin da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle. Na shiga in gaishe shi, sai na tarar da ma'aikaciya tsaye a kansa.

"Yallaɓai, takardar ta mutum biyu ce. A jira ɗayan?"

"A jira," in ji Delbert.

Ta zuba ruwa a kofuna biyun, ta tafi.