Lambar Buɗe Wayar Kawu

Sai da Injiniya ya shekara biyu yana cacar ƙwallo a waya kafin ya yarda ciwo ne. Ranar da ya yarda, ya miƙa wa matarsa babbar wayarsa, ya sayi 'yar ƙarama mai madannai, ya ce an gama. Ya manta da sana'arsa. Gyaran waya yake yi a wata rumfa da ba ta fi tabarma biyu ba, kuma kullum wayoyin mutane na jibge a teburinsa.

A layin masu gyara, in ka kawo waya sai a manna mata takarda a baya, a rubuta lambar buɗewa, don a gwada ta bayan ka tafi. Sati uku yana daurewa. A na huɗu ya canza wa wata gilashi, ya buɗe ta don gwaji, yatsansa ya kai shi shafin cacar da ya saba. Da asusunsa ya shiga, bai taɓa kuɗin mai wayar ba, amma kafin a tashi wasa cinikin satin ya tafi.

Washegari ya kafa doka: ya daina karɓar lambar kowa. Mai waya ya tsaya, ya buɗe da hannunsa, a gwada a gabansa. Dogo mai sayar da caja, maƙwabcinsa, ya samu abin yi.

"Injiniya, asibiti ka buɗe? Ba a kwantar da waya sai da mai jinya?"

"Ka ji da cajojinka masu kashe batir."

Masu sauri suka riƙa wucewa rumfar gaba. Ya bar su.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Kawu, ƙanen mahaifiyarsa, direban babbar mota, wanda ya saya masa kayan aikinsa na farko. Ya dangwarar da waya a tebur.

"Ɗan nan, ta daina jin caji. Lodi ake yi min, sai jibi zan dawo. Rubuta: huɗu, tara..."

"Kawu, tsaya. Kada ka faɗa."

"Ni da kai? Ni da na saɓa ka a wuya kana yi min fitsari?"

Dogo ya tuntsire da dariya. Injiniya bai yi ba. Akwai manyan wasanni da yamma, ya san lokacin kowanne ba tare da ya duba ba. Kwana biyu da buɗaɗɗiyar waya a durowa, ga asusun bankin Kawu a cikinta. Ya so ya ce ba shi da kayan gyaran, amma ya san Kawu: cewa zai yi ajiye har ka samo.

Ya ajiye sukundireba.

"Caca nake yi, Kawu. Na daina, amma hannuna bai samu labari ba tukuna. In ka bar min ita a buɗe, ban san abin da zan aikata ba."

Dogo ya sunkuya ya shiga jera cajojin da suke a jere. Kawu ya dubi ɗan yayar tasa.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Uwarka ta sani?"

"Matata kaɗai."

"Wato ita ce mutum, mu kuma tumaki." Ya ja tsaki, ya jawo benci da ƙafa, ya zauna. "Minti nawa aikin?"

"Arba'in. Lodinka fa?"

"Motar ba ta san hanya ba sai da ni. Yi aikinka."

Injiniya ya kwance bayan wayar, ya cire bakin cajin da ya ƙone, ya narka dalma ya ɗora sabo.

"Akwai abokin tuƙina da wannan masifa ta cinye wa mota," in ji Kawu. "Ya fita daga cikinta, yanzu shi ke jawo wasu su fito. Jibi zan haɗa ku. Daga can mu wuce wajen uwarka, da bakinka za ka faɗa mata."

"To, Kawu."

Ya jona caja. Wayar ta kawo haske, ta nemi lamba. Ya tura ta gaban Kawu, ya juya fuskarsa bango, ya hau tarin ƙarya da ƙarfi don kada ma ya ji sau nawa aka danna.