Ranar da Dinya Suka Amsa Kiran Delbert

A wannan yanki na Dakota, a ƙasar Amurka, maharban farar dinya kashi biyu ne, kuma ko tebur ba sa haɗawa a shagon kofi. Akwai masu shimfiɗa, waɗanda ke kakkafa dinyoyin roba a gona, su kunna lasifika mai kukan dinya, su kwanta cikin laka suna jiran tsuntsu ya sauko da kansa. Akwai kuma masu sanɗa. Su sai garke ya sauka ya duƙufa kiwo, sannan su laɓe bayan wata saniyar katako su riƙa matsawa sannu a hankali har inda harsashi zai kai.

Delbert Hoekstra shi ne uban tafiyar masu shimfiɗa. Tsohon mai raba wasiƙu ne, ba shi da ko taƙin ƙasa, amma yana da dinyar roba dubu da ɗari huɗu cikin tirela. Matarsa Verna takan ce ya fi sanin wadda ta karye a cikinsu fiye da sunayen jikokinsa. Shekara ashirin da tara yana shimfiɗa a gonar Misis Brekke, wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar mata fili a bakin tafki. Sauran manoma duk sun ba baƙi 'yan birni nasu filayen. In ya rasa wannan gonar, ya rasa farauta ke nan har abada, kuma ya sani.

Matsalar ita ce dinya sun yi wayo. Akwai wadda ta shekara ashirin ana harbinta tun daga Kanada har Texas. Irin wannan in ta hango robar Delbert sai ta karkata kai ta dube shi, kifi na ganinka mai jar koma, ta ƙara sama ta ja sauran. Mako uku cikin watan Maris, dinya biyu ya kashe, ɗayar ma gurguwa ce.

Ran Talata Misis Brekke ta tare shi a ƙofar gona, ta nuna masa gefen alkamarta da wani ɗan garke ke sauka kullum da yamma yana tsinka.

"Delbert, na san ka tun kana yawo da majina. Ba don kyan fuskarka na ba ka gonar nan ba, don ka kore mini tsuntsaye ne. In Asabar ta wuce suna cin alkamata, surukinka Orval zai kawo saniyarsa."

"Misis Brekke, ai abin da Orval ke yi ba farauta ba ce, sata ce."

"To ni ɓarawon nake so. Asabar."

Orval Tveit ƙanin Verna ne, kuma a duniya babu abin da ya fi masa daɗi irin tsokanar mijin yayarsa. Washegari a shagon kofi ya ɗaga murya daga teburin masu sanɗa.

"Babban yaya! An ce jiya ma ka kai 'yan robarka kiwo. Sun ƙoshi kuwa?"

"Gara ni. Ban taɓa bin gindin saniya a duƙe ba."

"Saniyata dinya sittin ta haifa ran Lahadi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai! In ka gaji ka zo, ina neman mai riƙe mini wutsiya."

Aka kwashe da dariya har teburin masu shimfiɗa, wannan kuwa ya fi komai yi wa Delbert ciwo. Ya fita ko kofinsa bai shanye ba.

Mai hankali da aka ce ya kori tsuntsu, da sai ya tsaya a gona ya yi ta harbin iska. Delbert bai ma yi wannan tunanin ba, don a wurinsa maganin kowace matsala shi ne ƙarin roba. Ya aro ɗari shida wurin abokai. Ya yayyanka fararen zannuwan gadon Verna ya ɗaure a tsinke. Ya ƙara lasifika biyu. Kuma tunda a alkama tsuntsayen ke son sauka, sai ya kwashe shimfiɗar daga cikin karan masara ya kai ta dab da alkamar.

Asabar gari ya waye da iskar kudu mai ɗumi. Delbert ya sa fararen kayansa ya kwanta rigingine tsakiyar robobin, laka na ratsa masa baya. Can wajen ƙarfe tara ya ji wani kuka wanda ba na lasifika ba. Ya ɗaga ido. Ƙarshen ƙaurar dinya ne, garken matasa ƙyanƙyasar bara masu toka-toka a fiffike, waɗanda duniya ba ta koya musu komai ba tukuna. Sun rufe gabas gaba ɗaya.

Ba su karkata kai ba. Suka fara juyawa a kansa, hawa bisa hawa, kamar guguwa, na ƙasa suna sauke ƙafafu na sama suna ta zuwa. Wata ta sauka kusa da takalminsa ta caki zanen Verna. Abin da ya shekara ashirin da tara yana ba da labarinsa ba tare da ya taɓa gani ba, ga shi yau a kansa. Sai ya ji hawaye na gangara masa cikin kunnuwa. Bindiga tana kwance a ƙirjinsa, ya manta da ita.

Da ya tuna, ya tashi zaune ya yi harbi, huɗu suka faɗo. Garken ya tashi da ƙara kamar jirgin ƙasa. Amma lasifika uku na nan suna ta kira, robobi dubu biyu na nan suna cewa lafiya lau. Suka yi zagaye ɗaya suka sauka can gaba kaɗan, inda harsashi ba ya kaiwa, a tsakiyar alkamar Misis Brekke. Ya ruga yana ihu yana kaɗa hula, suka tashi suka koma bayansa. Kafin azahar dinya dubu arba'in sun mai da koren fili laka da kashi.

Ya tarar da Misis Brekke a ƙofar gona, ta harɗe hannuwa. Orval na gefe a jikin a-kori-kurarsa. Ya dubi fuskar mijin yayarsa, ya kau da kai.

"Cewa na yi ka kore su," in ji Misis Brekke. "Kai kuma ka aika musu katin gayyata."

Delbert ya tsaya da dinya huɗu a hannu, laka har gira. Ya so ya ba da haƙuri, amma abin da ya fito daga bakinsa daban ne.

"Misis Brekke, kin ga saukarsu kuwa?"

Tsohuwar ta dubi filin, inda farin dinya ya rufe ko'ina.

"Na gani ta tagar kicin. Shekarata tamanin da ɗaya a bakin tafkin nan, ban taɓa ganin irinta ba." Ta miƙo hannu. "Dawo mini da makullin ƙofar gonata."