Likitocin Malam Sabo Wanzami

Malam Sabo wanzami ya zazzage ledar magungunansa a kan teburin Dakta Bashir, a ƙaramin asibitin unguwarsu da ke Koki. Ya sa ɗan yatsa ya ware ƙwayoyi biyu.

"Farar nan kai ka ba ni. Jar nan likitan ƙoda na babban asibiti ya ba ni. Tun da na haɗa su, in na miƙe sai ƙasa ta juya. Jiya na yanki kunnen Alhaji Shehu. Ni ban taɓa yankar kunnen mutum ba. Gobe ina da askin suna a gidan Mikail, kan jariri ne. Wacce zan bari?"

Dakta Bashir ya juya kwalin jar, ya ɓata fuska. "Ba a haɗa waɗannan. Wane likita ne ya rubuta maka?"

"Dakta Ɗahiru."

Bashir ya miƙe tsaye, ya gyara zaman hularsa. Dakta Ɗahiru surukinsa ne. 'Yarsa Aminat yake aure.

"To, ai Baba ya fi ni sani."

"Sai in bar taka."

"A'a. Tawa har da zuciyarka take riƙe. Sai an ji ta bakinsa."

"Kira shi."

"Ni in kira Baba a waya? In ce masa me?"

A gefe wata mata na zaune da babbar waya a hannu. Sunanta Malama Bahijja. Wani ofis ne ya turo ta ta auna yadda likitocin unguwa da manyan likitoci ke haɗa kai a kan marasa lafiya. Ta matso da kujerarta.

"Dakta, kana da lambar shi wancan likitan?"

"Ina da ita."

"Kuna haɗuwa?"

"Duk Juma'a ina zuwa gaishe shi."

"Kun taɓa samun saɓani?"

"Subhanallahi!"

Ta danna wayar, ta sake dannawa, tana murmushi.

Malam Sabo ya tattara magungunansa. "Tashi. Na san gidansa a Kabara. Bayan la'asar yana zaure."

Bashir ya yi ta kawo uzuri. Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa, har Bashir ya gaji ya cire farar rigarsa. Suka tari adaidaita sahu, Malama Bahijja ta bi su. A hanya Bashir ya sa aka tsaya ya sayi lemo da ayaba, don ba a shiga gidan suruki hannu sake.

Tun daga waje ya tuɓe takalmi. Ya durƙusa a bakin zaure, idonsa a ƙasa. Dakta Ɗahiru na kan darduma, shi kuma ya mai da idonsa bango. Suka gaisa. An tambayi gajiya, an tambayi aiki, an tambayi mutanen gida ba tare da an kama sunan kowa ba. Da gaisuwar ta ƙare suka sake ɗauko ta daga farko.

Malam Sabo ya ajiye kwalaye biyun a tsakaninsu.

Dakta Ɗahiru ya sa tabarau ya duba. "Wane mara hankali ne ya haɗa maka waɗannan?"

"Kai da wancan."

Dakta Ɗahiru ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga.

"Ai Malam ya san aikinsa," ya ce da bango, yana nufin Bashir. "A bar tawa."

"Haba Baba," in ji Bashir da ƙasa. "Tawa za a bari."

"In bar duka ke nan?" in ji Malam Sabo.

"A'a!" Suka faɗa tare.

"In sha duka?"

"A'a!"

"To wacce?"

"Yadda Malam ya gani," in ji Dakta Ɗahiru.

"Yadda Baba ya ce," in ji Bashir.

Malam Sabo ya jira. Can Dakta Ɗahiru ya tuna bai yi alwalar magariba ba, ko da yake rana na nan a sama, ya shige cikin gida. Bashir ya ja da baya har waje, ya ɗauki takalminsa a hannu ya yi gaba.

Malama Bahijja ta fito fuskarta cike da fara'a. "Baba, na zaga asibitoci da yawa. Ban taɓa ganin likitan unguwa ya taka da ƙafarsa har gaban babban likita a kan mara lafiya guda ba. Cikakken maki na ba su. Saura tambayarka. Ka gamsu da shawarar da suka yi?"

"Me suka yanke?"

Ta duba wayar, ta ja sama, ta ja ƙasa. "Babu gurbin wannan."

"To sa abin da ke akwai."

Malam Sabo ya koma Koki da ƙafa, yana bin gindin katanga. In lungun ya fara juyawa sai ya dafa bango ya jira ya tsaya. Bai nufi gida ba. Ya yi sallama a ƙofar Mikail.

Mikail ya fito da sauri. "Baba Sabo! Ai gobe ne."

"Na sani. Nemi wani wanzamin."

"Wani kuma? Kai ka yi mini nawa askin. Kai ka yi wa yayyena."

"Na ce ka nemi wani."

"Ko jikin ne?"

"Jiki lau. Likitocina biyu, kuma babu masu jituwarsu a Kano. An auna."

Ya zauna a kan dakali, ya ɗora jakar asakensa a gefe. Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama.

"Kawo yaron in gan shi," ya ce. "Kai ka riƙe shi. Kada ka miƙo mini."