Ƙarƙashin Shimfiɗar Roba

"Ka ɗaga shimfiɗar?"

Ko sallamata bai gama amsawa ba ya jefo mini tambayar. Yana kwance rigingine, matashi biyu a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ɗakin sai warin man zafi. Na miƙa wa matarsa makullin motar, ta rataye shi a ƙusar da ke saman gadon.

"Na ɗaga, Baba."

"Ka wanke ƙarƙashi? Ka bari ya bushe?"

"Can bakin rijiyar gona na yi komai. Sai da ƙarfen ya bushe ƙayau sannan na mayar."

Ya lumshe ido, ya ce, "Madalla, Kafinta."

Ƙarya na shara masa, kuma har yau ban san me ya kai bakina ba. Ni da ba na iya yi wa mai sayen kujera ƙaryar katako, sai ga ni na yi wa mara lafiya ƙarya a kan gadonsa, da fuskata a sake.

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. A layinmu Mai Guga ake ce masa, don ba ka raba shi da guga. Yana da farar a-kori-kura da yake dako da ita: siminti, yashi, awaki, har gadajen da nake haɗawa ita ke kai su gidajen masu su. Motar ta tsufa, kujerarta duk faci, amma bayanta ko ɗigon tsatsa babu. Ya shimfiɗa wa bodin wata roba mai kauri wadda ya yanko daga tsohon bel na masana'anta, nauyinta sai mutum biyu. Duk ranar da motar ta ɗauki kaya, kafin ya ci abinci sai ya tare wanda ya gifta, "Zo ka kama mini." Su ja robar su jefa ta kan katanga, ta ba da wani tim da duk layin ya haddace. Sai guga uku, garin sabulu, tsumma, da guntun waya da yake zungurar ramukan nan huɗu na kusurwa da ruwa ke bi ya fita. Ba ya mayar da robar sai ya shafa tafin hannunsa a ƙarfen ya ji babu sanyi.

Bakaniken da ke bakin layi kullum tsokanarsa yake, wai bayan motar ya fi bayan mai ita shan sabulu. Shi kuwa sai ya ce, "Ku yi ta dariya. Robar nan tana kare ƙarfe daga duka, amma ita ce ke ɓoye masa ruwa. Wanda bai ɗaga ba bai wanke ba."

Da ciwon ƙashin baya ya kwantar da shi, har zama ya gagare shi, ni kaɗai ya yarda ya ara wa motar. Ranar nan na ɗauko takin zamani buhu shida zuwa 'yar gonata da ke bayan gari. Buhu ɗaya ya kama ƙugiya ya yage, farin taki ya watsu ko'ina. Hadari ya haɗo, ni kaɗai ne a gonar, bayana kuma yana mini tsiya. Na share abin da ya sharu, na kwara guga biyu a saman robar, na ga ta yi baƙi tana sheƙi, na ce ai shi ke nan. Sai a hanya na tuna abin da na ji daga bakinsa ya fi sau ɗari, cewa babu abin da ke cin ƙarfe kamar taki da ya sha ruwa. Ashe da hannuna na jiƙa shi na tura shi ƙarƙashi.

Na ce wa kaina gobe da sassafe zan gyara. Da gari ya waye na fito da gugana, sai na tsaya turus. Motar a ƙarƙashin tagarsa take kwana, tagar kuma a buɗe take don ya sha iska. Mutumin da ke gane motar kowa a layin da ƙarar injinta, yaya za a ja robarsa bai ji ba? In ya ji, tambaya ɗaya zai yi: me ya sa ake ɗaga abin da aka ɗaga jiya? Na koma gida da gugan kamar wanda aka aika ya manta saƙon.

Rana ta uku na gwada dabara. Na shiga gaishe shi, muka taɓa hira, na ce, "Baba, ko in ɗan sake wanke maka bayan motar? Na ga ƙura."

"Me ta ɗauka bayan kai?"

"Ba komai."

"To bar ta. Ruwa babu dalili shi ma cuta ne ga ƙarfe."

Rana ta biyar na tare matarsa a tsakar gida tana shanya, na ce ta ba ni makulli in kai wani gado. Niyyata in ja motar can nesa in yi aikina. Ta girgiza kai.

"Ka yi haƙuri, Kafinta. Likita ya ce ko yaushe ana iya buƙatar a kai shi. Shi ya sa maigidan ya ce kada motar ta matsa ko taku ɗaya."

"Haka ne, Inna. Gaskiya ne."

Da na fito na duƙa kamar mai gyara takalmi, na leƙa ƙarƙashin motar. Daga ramin kusurwar hagu wani jan ruwa ya ɗiga a simintin ƙofar gida, ya yi tabo kamar faɗin tafin hannu. Tsatsa ce. Na jawo ƙasa da ƙafa na rufe. Washegari tabon ya dawo, na sake rufewa. Haka na zama mai gadin tabo, ni da gemuna.

Damina ce, kusan kullum sai an yi yayyafi da rana. Kowa na murna, ni kuwa ina shago ina jin kowane ɗigo yana bin gefen robar yana shiga inda ba zai fito ba. Na yanka katako ba daidai ba har sau biyu a rana ɗaya. Maiɗakina ta lura na daina cinye abinci, ta matsa mini, na faɗa mata.

"A kan wannan kake ramewa? Je ka faɗa masa mana. Duka zai yi maka, mutumin da ko tashi ba ya iya yi?"

"Ba ki san shi ba ne."

"Na san shi. Kai ne dai ka fi son a ce maka madalla."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Na ƙudura ranar zan faɗa. Da yamma na shiga, na zauna a kan 'yar kujerar da ni na haɗa masa ita, ina juya kalmomin a bakina. Ya rame sosai, agogonsa har ya zamo zuwa tsakiyar hannu. Kafin in buɗe baki ya kira matarsa.

"Zo ki ji, don kada a ce ban faɗa ba. In ta Allah ta kasance, motar nan a hannun Kafinta za ta zauna. Shi zai nemo direba, shi zai riƙa dubawa, abin da ta samo ki ci da shi. Kada ki ba ƙannena, wata shida za su mayar da bayanta rariya."

"Ka daina irin wannan magana," in ji ta.

"Ina daina ta in na gama. Duk layin nan shi kaɗai ne in na ce ya ɗaga zai ɗaga." Ya juyo da ido wajena. "Ko ba haka ba?"

Na ce, "Allah ya ba ka lafiya, Baba." Abin da ya iya fita ke nan. Na fito ina jin kamar in nutse, na wuce ta gefen motar ban iya ko kallon ta ba.

Rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, ina goge wani teburi sai na ji muryar Inna tana kiran sunan sana'ata kamar gidan ya kama wuta. Na tarar numfashinsa yana fita da ƙyar, leɓɓansa sun bushe. Aka kira Bakanike ya zo da gudu, hannunsa duk baƙin mai. Tunda ba ya iya zama, babu maganar sa shi a gaba. Muka buɗe ƙofar baya, muka shimfiɗa katifarsa a kan robar, mu huɗu da maƙwabta biyu a cikinmu muka ɗauko shi a zanin gado. Inna gwiwoyinta ba sa hawa, ta shiga gaba kusa da Bakanike, ta juyo tana kallonmu ta gilashin baya. Ni na zauna a bodin, na ɗora kansa a cinyata, na riƙe masa laima.

Muka fita daga layin a hankali. Iska ta ɗan farfaɗo da shi, ya buɗe ido yana kallon wayoyin lantarki suna wucewa.

"Wa ke tuƙi?"

"Bakanike ne."

"Na ji. Ba ya sakin kuloci da kyau."

Na yi dariyar dole. Sai na ga hannunsa na hagu ya zame daga katifar ya sauka kan robar. Ya shafa ta, kamar yadda ake shafa kan dabbar da aka daɗe ba a gani ba. Yatsun suka ci gaba da tafiya har bakin robar, inda ta haɗu da bangon bodin. Ina kallo. Da na so, da na kama hannun na mayar kan ƙirjinsa, babu wanda zai ga laifina. Na kasa. Yatsun suka lallaɓa suka shige ƙarƙashi.

Sun daɗe a can. Motar ta tsaya a mahaɗa, masu babur suna ta leƙenmu, ni kuwa zufa ta jiƙa mini riga. Da ya zaro hannun ya ɗaga shi daidai fuskarsa. Yatsu huɗu jajawur, a jiƙe, da farin gari-gari a ƙarƙashin farce. Ya kai hanci ya shaƙa.

"Taki."

"Eh, Baba."

"Kwana nawa?"

"Sha ɗaya."

Bai dube ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya bar hannun a sama yana kallo har motar ta sake tashi.

"Da ran nan ka faɗa, guga uku ne," ya ce. Ya tsaya ya nemi numfashi. "Yanzu sai buroshin ƙarfe. Ka kankare har ka ga fari. Ka wanke sau biyu. Kada ka yi gaggawar fenti, ka ba shi rana guda cur."

"Baba, ka yafe mini. Tsoro ne ya..."

"Jan fenti tukuna. Baƙin daga baya."

"Baba, don Allah."

"Riƙe kaina, akwai rami gaban gidan man nan."

Na riƙe. Motar ta faɗa ramin ta fita, ya cije leɓe. Haka muka isa ƙofar asibiti. Ma'aikata suka kawo gadon turawa suka wuce da shi, Inna na biye tana ɗingishi. Ni aka ce in tsaya a waje. Na zauna a kan ƙofar bayan motar ina jiran a ce in shigo, don maganata ba ta ƙare ba, kuma bai ba ni amsa ba. Ina nan zaune har inuwar ginin ta iso ƙafafuna, sai ga Bakanike ya fito hularsa a hannu. Ban tambaye shi ba.

Kwana uku gidan cike da masu ta'aziyya. Na kawo benci, na kai ruwa, na gaisa da ƙannensa, amma duk wanda ya ce mini, "Kai ne amininsa, sai haƙuri," sai in ji kamar ya mare ni. Ban san da wace fuska ya tafi da ni ba. Abin da ya hana ni sukuni ke nan, ya ma fi mini rashin nasa ciwo, Allah ya yafe mini.

Rana ta huɗu da safe, mutane sun ragu, Inna ta aika a kira ni. Tana zaune a bakin gadon da babu katifa. Ta miƙa hannu ta cire makullin daga ƙusa ta ba ni.

Na ce, "Inna, ki dakata. Akwai abin da ba ki sani ba. Wataƙila ya canja magana."

"Bai canja ba. A asibiti ma ya ambace ka, kafin a sa masa abin numfashi." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ya ce in ce maka ka fara ta kusurwar hagu, can ta fi ci. Ni ban gane ba. Na ɗauka zafin ciwo ne."

Na damƙe makullin. Na fita na kira Bakanike, na ce ya zo ya kama mini. Muka ja robar muka jefa kan katanga. Ƙarƙashin ya yi ja tun daga kai har ƙofa, ruwa kwance a cikin tsagin ƙarfen, fentin ya kumbura ya yi ƙuraje. Bakanike ya yi salati, ya dube ni, ya ga fuskata, ya koma garejinsa.

Na hau da buroshi da guga. A gefen hagu, kusa da bango, akwai layi huɗu a jere cikin tsatsar, gajeru, inda yatsu suka ja suka bar ƙarfen ƙasa a fili. Na ajiye gugan a hankali don kada ruwan ya fantsama, na durƙusa a wajen. Rana ta fara hawa kan katanga, robar tana ɗiga a bayana.