Ranar da Aka Yanka Littattafan Akawu

Akawu ya miƙa hannu kan kantar sama kamar yadda ya saba kowace safiya, sai yatsunsa suka dafa katako tsirara. Ya shafa hagu, ya shafa dama, babu komai sai ƙura. Ya sauko kanta ta tsakiya, ita ma wayam. Ta ƙasa ce kaɗai ke da kaya, inda littattafan addini suke jere, ba wanda ya taɓa su.

"Ke!" ya ƙwala kira. "Ke, uwar yara! Ɓarayi ne suka shigo gidan nan ina can ina jinyar ƙanena?"

Matarsa ta shigo tana goge hannu da gefen zane, ɗaya hannun riƙe da wani abu baƙi, shafal, bai fi tafin hannu ba. Ta ajiye masa a kan tebur a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Ba ɓarayi ba ne, Malam. Auta ce. Ta ce kada a gaya maka sai an gama. Wai duk za a zuba maka su a cikin wannan."

"A zuba me?"

"Littattafan mana. Na'urar karatu ce, in ji ta. Rubutun yana girma in ka so."

Ya ɗauki abin, ya juya shi, ya kai hanci ya sunsuna. Warin roba. "Kanta biyu cur a cikin wannan farantin shayi? Wa ya ce mata ina neman rubutu mai girma? Idona lafiyarsa lau!"

Tun yana ƙaramin akawu a ofishin ruwa yake tara littattafan nan, har ya yi ritaya sunan aikin ya biyo shi gida. Na tarihi, na kiwon zuma, na taurari, na labarai, wasu ma bangonsu shi ya sake ɗinke musu da zare da allura. Gaskiya ne idon ya yi rauni, likita ya ce jijiyar ce ta gaji, babu tabaran da zai mayar da ita yarinya. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke aikin nas, ita ke karanta masa da yamma in ta taso. Amma karanta wa mutum daban, kwashe masa ɗaki daban.

"Ina ta kai su?"

"Shagon fotokwafi na bakin kasuwa. Wurin mutumin nan da ake ce wa Nan-Take. Malam, ka karya tukuna."

"Ki ba Auta, ita da ta iya haɗiye littattafai."

Ya jefa na'urar a aljihu, ya ɗauki sandarsa ya fita.

A cikin bas ya zauna bakin taga yana huci. Abin da ke aljihunsa ko nauyi ba shi da shi, kai ka ce bai ɗauko komai ba. Littafi kuwa ai da nauyinsa ake sanin sa. Kana karatu kana jin na hannun dama yana raguwa, na hagu yana ƙaruwa, ka san kun kusa rabuwa, ka rage sauri. Shi ko a duhu aka ce ya nemo inda aka yi bayanin yadda zuma ke sauya sarauniya, yatsansa zai kai shi, wajen tsakiya, shafin hagu, inda shayi ya taɓa zuba. To a wannan sulɓaɓɓen abu ina yatsa zai kama? In tela na ƙofar gida ya zo aron littafi kamar kullum, sai ya ɓalle masa kusurwar faranti ya ce ga naka?

"Baba, da wa kake faɗa ne?" in ji kwandasta. "Tun ɗazu bakinka ke motsi."

"Da ubanka."

"Allah ya jiƙansa, ya riga ka hutawa." Mutanen motar suka kwashe da dariya. Akawu bai ko murmusa ba.

Tun daga bakin ƙofar shagon ya ji sautin. Ƙarrras. Sai shiru. Sai kuma ƙarrras. Ya shiga. Ɗaki ne ƙarami mai zafi, fanka na juyawa a kasale. A kan dogon tebur akwai laftof a buɗe, kusa da ita wata na'ura tana zuƙar takardu ɗaya bayan ɗaya tana tofar da su ta baya. A kusurwa wani kakkauran mutum mai gajeren wando ya danne wani dogon ƙarfe mai kaifi kamar wuƙa da hannu biyu. Ya ɗaga, ya zaro abin da ke ƙasa, ya karkaɗe, ya jefar da wani siririn yanki a kwando.

"Sannu da zuwa, Baba. Kwafi ne ko hoto? Nan take za a yi maka."

Akawu ya matsa kusa. Idonsa ba ya iya karanta rubutu, amma yana iya gane kore. Koren bango ne a hannun mutumin, mai ɗinkin baƙin zare, rabe biyu kamar an fasa ƙwarya.

"Me ka yi wa wannan littafin?"

"Wannan? Yanke ɗaurin na yi. Ai sikana, na'urar can mai ɗaukar hoton shafi, ba ta cin littafi a ɗaure, sai an warware shi falle-falle. Aikin wata nas ne, ta kawo kwalaye..."

Sandar ta sauka a kan tebur da ƙarfin da sai da laftof ɗin ta yi tsalle. "Mahauci! Ashe mahauci ne kai! Wa ya ba ka izinin yanka mini littattafai?"

Nan-Take ya ja da baya, ya rungume laftof ɗinsa kamar jariri. "Baba, a yi haƙuri, kada ka fasa mini kayan aiki. Wallahi na tambaye ta. Na ce akwai aiki iri biyu, mai sauri da mai jinkiri. Mai jinkiri shafi-shafi ake buɗewa ana ɗauka, sai ya kai watanni. Ta ce ita kafin ƙarshen wata take so."

"Ka ce mata mai saurin da wuƙa ake yin sa?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "Ai kowa ya sani."

"Kowa! Kai da wuƙarka ne kowa?"

A jikin bango aka jera su, ƙunshi-ƙunshi, kowanne an ɗaure shi da roba, babu bango, babu fuska. Akawu ya bi su yana taɓawa da sanda. Ba ya iya bambanta na taurari da na tarihi. Duk sun zama abu ɗaya, takarda.

"In ka gama, ina kake kai su?"

"Yawanci masu su ba sa dawowa karɓa. To... masu awo a kasuwa suna so, na ƙunshe kaya."

"Na ƙunshe kaya." Ya maimaita a hankali, har Nan-Take ya fi tsorata da wannan muryar fiye da ihun.

Sai ya durƙusa gaban kwandon, gwiwoyinsa na ƙara, ya tura hannu ciki. Siraran yankuna ne masu ɗauke da busasshen gam da guntayen zare. Ya ɗago ɗaya ya kai dab da ido. Akwai shuɗin biro a jiki. Shi mutum ne da bai taɓa karanta littafi bai yi gardama da marubucinsa ba, kuma don kada masu aro su ga ya ɓata shafi, a can lungun ɗauri yake rubuta nasa, ƙanana-ƙanana: ƙarya ne, a ina ka gani, wannan kam ka yi gaskiya. Gardamar da ya yi tun yana saurayi ke nan, wuƙa ta bi ta aske ta tas. Marubutan sun shiga na'ura da maganarsu cikakkiya, tasa ce aka bari a kwando.

A bayan ƙofa ya hango kwali ɗaya da ba a buɗe ba. Ya lallaba ya je ya zauna a kansa, ya gicciya sanda a kan cinya.

"Wanda ya isa ya zo ya ɗaga ni."

A haka Auta ta same shi. Uwarta ce ta kira ta a waya, ta taho da farin kayan aikinta, tana haki. Ta dubi ƙunsoshin da ke jikin bango, ta dubi bangwayen da aka tara a ƙasa kamar ɓawon gyaɗa, ta dafe baki.

"Yanka su ka yi? Ni na ce ka yanka?"

"Anti nas, kin ce mai sauri..."

"Ka rufe mini baki!" Ta juya wajen mahaifinta. "Baba, wallahi ban sani ba. Na ɗauka hoto kawai zai ɗauka in mayar maka da su kafin ka dawo."

"Ba ki sani ba. Kin san hanyar ɗakina, kin san inda ake samun kwali, kin san ki ce wa uwarki ta rufe ni. Tambayata ce kaɗai ba ki sani ba."

"Da na tambaye ka za ka yarda?"

"Ba zan yarda ba!"

"To shi ya sa!"

"Shi ya sa! Kun ji 'yar zamani. Ni na haife ki ko ke kika haife ni? An ce miki na mutu ne da za a fara rabon kayana?"

Nan-Take ya sulale zai fita. "Tsaya nan, mahauci," in ji Akawu, "ba a gama da kai ba." Ya dawo ya tsaya.

Idon Auta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi laushi ba. Ita ma 'yar ubanta ce. "Baba, ƙarshen wata za a mayar da ni asibitin da aka tura ni a wani gari, ka sani, kai ka sa mini albarka. Wa zai karanta maka? Umma da ko sunan magani sai na karanta mata? Ko tela? Rannan na dawo na tarar da kai a kujera da littafi a buɗe, ka daɗe kana kallon shafi ɗaya, da ka ji motsina sai ka juya shafi don in ce kana karatu. Ka ɗauka ban gani ba? Gara ka yi fushi da ni kana karatu, da ka zauna kana shafa bango kamar mai gaisar da kabari."

Na'urar nan na ta zuƙar takarda ba ruwanta. Akawu ya ji maganar ta sauka inda ba ya so. Sai ya zaro baƙin abin daga aljihu ya miƙa mata a wulaƙance.

"Karɓi farantinki."

Ta karɓa, ta danna gefensa, ta ja yatsu biyu a kan gilashin, ta mayar masa dab da fuska. Ya kawar da kai. Ta bi shi da shi. Ya sake kawarwa, amma ido ba ya shawara da zuciya, kafin ya ankara ya riga ya karanta. Baƙaƙe ne manya-manya kamar na allon talla, layi huɗu kacal a shafin. Littafin zuma ne, ashe an riga an zuba shi a ciki. Marubucin yana cewa zuma ba ta harbin wanda ya saba da ita.

"Ƙarya ne," Akawu ya faɗa da ƙarfi, bai san ya faɗa ba. Ya kai hannu aljihun gaba inda biro yake, sai ya tsaya. Gilashi ne. Babu lungu.

"Ana iya rubutu a ciki, Baba," in ji Nan-Take da sauri. "Akwai inda ake dannawa, nan take..."

"Na tambaye ka?"

Ya daɗe zaune a kan kwalin, yana kallon layukan nan huɗu, ransa na tafasa. Haushin wuƙar yake ji, da haushin yarinyar, da haushin wannan abu mara ƙamshi da ya ba shi a cikin ƙiftawar ido abin da tabarau ya kasa ba shi. Ya fi jin haushin na ƙarshen.

Daga bisani ya miƙe, ya ɓare bakin kwalin, ya tura hannu yana lalube. Bai duba ba, yatsunsa suka zaro wani mai kauri, labarin wasu 'yan'uwa biyu da suka gaji jirgin ruwa ɗaya, wanda Auta ta kai masa rabi.

"Sauran nan gida za su koma, yau, a ɗaure, yadda suka zo. Waɗancan da ka kashe ma ka haɗa mini gawarsu, har da na kwandon. Ko falle ɗaya na gani a hannun mai awo, ni da kai ne."

"An gama, Baba."

"Wannan kuma..." Ya auna littafin a tafin hannu. "Ba zan jira watanni kafin in ji wanda ya ci jirgin ba."

Nan-Take ya miƙo hannu zai karɓa. Akawu ya maƙe.

"Kai dai ba ka da kunya. Wanda ya yi kiwo shi ke yanka. Nuna mini inda ake sa shi."

Mutumin ya gyara masa littafin a ƙarƙashin wuƙar. Akawu ya bi bakin ƙarfen da yatsa, ya ce a matsar, a ƙara matsarwa, har sai da ya rage gam ɗin kaɗai wuƙar za ta ci. Auta ta matso za ta yi magana.

"Ke kuma ban yafe miki ba," ya ce, bai dube ta ba. "Riƙe mini sandar."

Ta riƙe. Ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya danna.